Yadda ake haɗa polimar terbiyum mai ƙyallin kore

Abin da za a haɗa shi ne Tb2(bdc)3(H2O)4, wato ayon ɗin ƙarfen terbiyum (Tb) da ƙwayoyin tereftalet (bdc) suka sarƙe ta kowane ɓangare har suka zama raga guda, wadda ake kira polima, da ƙwayoyin ruwa huɗu manne da ƙarfen. Rukunin Omar Yaghi ne ya bayyana tsarinta a 1999. Tana fitowa cikin ruwa a zafin ɗaki, ba sai da tukunyar matsi ba, don haka da ita ya kamata mai koyo ya fara.

Terbiyum shi kaɗai ba ya shan haske sosai. Zoben benzin na tereftalet ne ke shan hasken UV wanda ido ba ya gani, ya miƙa wa ƙarfen kuzarin, ƙarfen kuma ya fitar da shi a layuka huɗu: nanomita 490, 545, 585 da 620. Na 545 ya fi ƙarfi, shi ne koren da ido ke gani. Idan tereftalet bai kama ƙarfen ba, miƙawar ba ta yiwuwa, kuma duk matakan da ke ƙasa wannan kamun suke karewa.

Auna asid tereftalik giram 0.26 ka zuba cikin tsarkakakken ruwa mililita 20. Ƙara mililita 3.0 na NaOH (sodiyum haidiroksaid) mai ƙarfin mola 1, ka bar shi yana juyawa da ɗan ɗumi na minti 30. A wani kofin gilashin kuma, narkar da gishirin terbiyum, wato TbCl3·6H2O, giram 0.373 cikin ruwa mililita 10.

A nan aiki ke lalacewa. Lissafi giram 0.249 na asid ɗin yake buƙata, an ɗan ƙara ne da gangan, domin asid ɗin ya cinye NaOH ɗin kaf, ragowarsa kuma ya kwanta a ƙasa tunda ba ya narkewa a ruwa. Sai ka tace ka zubar da ragowar. Mai koyo yakan ga wannan gari a ƙasan kofi ya ƙara NaOH har ruwan ya washe, ya ɗauka ya gyara. Ya ɓata ne. Da zarar pH ya wuce 8, terbiyum zai faɗo a matsayin haidiroksaid kafin tereftalet ya same shi. Idan kuma ya yi ƙasa da 5, asid ɗin ne zai koma gari. Tsohon NaOH da ya sha iska ya riga ya ɗauki kabonet, shi ma yana jan terbiyum ƙasa. Dukkansu farin gari ne, polimar ma fara ce, ido ba ya rarrabe su. Saboda haka a auna pH na tataccen ruwan kafin a haɗa komai, ya tsaya tsakanin 6 da 7. Kada a daidaita shi da ruwan fosfet, fosfet na kama terbiyum ya ƙi saki. Ruwan famfo kuwa kada ya kusanci aikin ko a wurin ɗauraye kofi na ƙarshe.

Yanzu ɗiga ruwan terbiyum cikin na tereftalet, ɗigo-ɗigo, ana juyawa. Farin gari zai bayyana nan take. Bar shi ya juya awa 2, ka tace, ka wanke da ruwa sau uku, ya bushe a iska. Mafi yawan abin da za a iya samu giram 0.44 ne. Gishirin terbiyum na da tsada, ana iya raba komai biyu, amma kada a yi rowa a tsarkinsa, a nemi mai kashi 99.9 cikin ɗari. Ɗan yurofiyum (Eu, wani ƙarfe ɗan uwan terbiyum) kaɗan a ciki ya isa ya karɓe kuzarin daga terbiyum ya karkatar da launin zuwa rawaya ko ruwan goro. Cokalin roba ko na gilashi za a yi amfani da shi, ba na ƙarfe ba, domin ayon ɗin Fe3+ da Cu2+ suna kashe ƙyallin.

Wajen dubawa ma ana yanke wa kaya mai kyau hukuncin banza. Tereftalet yana shan haske ne ƙasa da nanomita 320, don haka fitilar 365 abin da za ta nuna ba shi da yawa. A yi amfani da ta 254, kuma a fito da garin daga kwalba, gilashi na tare wannan hasken. A zuba shi a kan baƙin faranti. Farar takardar ofis tana da sinadarin da ke ƙyalli shuɗi, za ta rikita ido. Tabaran kariya da safar hannu dole ne, hasken 254 na ƙona ido da fata.

Mai son jan ƙyalli sai ya maye gurbin gishirin da EuCl3·6H2O giram 0.366, layinsa mai ƙarfi na wajen 615. Ba zai kai koren haske ba, domin girgizar O–H ta ruwan da ke manne da ƙarfen ta fi saurin zuƙe kuzarin yurofiyum. Kada a busar a tanda mai zafin da ya haura digiri 100, ƙwayoyin ruwan nan huɗu za su fita, tsarin ya canza. A ƙarshe a kai garin na'urar PXRD, mai duba tsarin gari da hasken X-ray, a gwada da tsarin da aka wallafa, domin ƙyallin kore kaɗai bai tabbatar da cewa ba gauraye ba ne.