Darasi: Burekar Skutar Yaro, Abin da Ke Katse Ta da Yadda Ake Gyara Ta

Yaro yana cikin yawo da skutarsa mai batir a tsakar gida, kwatsam sai ta tsaya cak. Ya murɗa totur, shiru. Ya turo ta har gabanka yana ɓata rai.

"Baba, ta mutu."

"Kai kaɗai ka hau?"

"Na ɗauki Yaya ne a baya."

To, ka riga ka ji rabin ciwon. Sau da yawa skutar nan lafiyarta ƙalau, bureka ce ta katse wuta. A wannan darasi za mu san ta, mu san abin da ke sa ta katsewa, sannan mu koyi gwada ta da canza ta da hannunmu.

Mece ce bureka?

Duba gefen akwatin batir, ƙarƙashin inda yaro yake taka ƙafa. Kusa da makunni da ramin caja za ka ga wani ɗan maɓalli. Shi ne kan bureka, jikinta kuwa yana ciki, bai kai akwatin ashana ba, da ƙafafu biyu na ƙarfe inda wayoyi biyu suke shiga.

A cikinta akwai ɗan sillen ƙarfe da aka yi da ƙarafa iri biyu a manne da juna. Idan zafi ya taɓa su, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa, sai sillen ya lanƙwashe. Wuta tana bi ta cikinsa a kan hanyarta daga batir zuwa inji. Muddin wutar daidai take, sillen yana nan a kwance. Da ta yi yawa sai ya ɗau zafi, ya lanƙwashe, ya saki hanya, maɓallin ya turo waje. Bambancinta da fis shi ne, fis idan ya ƙone sai dai a sa wani, ita kuwa da ta huce a danna ta, ta koma bakin aiki.

Don haka abu na farko: kashe makunni, ka jira kamar minti ɗaya. Sannan ka danna maɓallin har ka ji ya ce ƙas. Wanda ya danna tana da zafi zai ga ta ƙi zama, ya ce ta lalace, alhali gaggawa ce kawai.

Mu karanta abin da aka rubuta

A jikin kayan wuta akwai lambobi da haruffa, kuma mai iya karanta su ba a cika cutarsa a kasuwa ba. Harafin V yana nufin bolt, wato ƙarfin turin wuta. Harafin A yana nufin amfiya, wato yawan wutar da ke wucewa. Mu ɗauki skutar nan Razor E100 ta wani kamfanin Amurka, wadda ake yi wa yara 'yan shekara 8 zuwa sama. Batir biyu gare ta, kowane 12V, an jona su sun ba da 24V. A jikin burekarta za ka ga 7A. Gudunta bai wuce kilomita 16 a awa ba, nauyin da aka yarda ta ɗauka kuma kilo 54 ne. Riƙe wannan lamba ta ƙarshe. Yara biyu sukan haura ta, balle kawunsu da ya ce bari ya ɗana.

Akwai abu biyu da sukan ruɗi mutane a irin wannan skuta, har a ɗora wa bureka laifin da ba nata ba. Injinta ba ya tashi daga tsaye, sai yaro ya tura da ƙafa ta kama ɗan gudu, kamar kilomita 5 a awa, sannan totur ya amsa. Na biyu, hannun birki yana da ɗan makunni da ke yanke wuta idan an matse shi. In hannun ya maƙale bai koma wurinsa ba, skuta ba za ta motsa ba ko da bureka sabuwa ce fil.

In ta sake katsewa fa?

Katsewa sau ɗaya ba abin damuwa ba ne. Amma idan an danna, an yi 'yar tafiya, ta sake katsewa, to akwai abin da ke wahalar da inji. Inji idan ya sha wuya, wuta yake ƙara zuƙa. Nan ne aikin yake, kuma a ganina mafi yawan masu gyara nan suke tsallakewa su tafi sayen sabuwar bureka.

Ka fara da abin da ido ke gani. Ina yaron yake hawa? An yi skutar ne don siminti da kwalta marar gargada. Rairayi, taɓo da hawan tudu duk suna shaƙe ta. Zafin rana ma yana da hannu, domin da zafi bureka take aiki. Skutar da ta wuni a rana a watan Afrilu, sillenta ya riga ya yi ɗumi tun kafin a hau, abu kaɗan zai ƙarasa shi.

Daga nan sai ka kashe makunni, ka ɗora skutar a kan bulo ko turmi yadda tayoyi za su bar ƙasa. Juya tayar gaba da hannu. Ya kamata ta yi ta juyawa ba tare da ƙara ba. In ka ji shuu, shuu, birki ne ke goga, a sassauta wayarsa. Matsa tayar da babban yatsa, in ta yi laushi a ba ta iska. Koma tayar baya. Ita tana da ɗan nauyi saboda sarƙa da inji, amma bai kamata ta cije ba. Leƙa tsakanin taya da ƙarfen da ke riƙe da ita. Abin da ake samu a wurin nan sai ka yi mamaki: zaren buhu, leda, gashin kitso, duk sun nannaɗe sun yi tauri kamar igiya. Sa reza ka yanke su a hankali. Taɓa sarƙa, ta ɗan motsa sama da ƙasa, kada ta ɗaure tamau kamar tsirkiyar baka. In ta bushe ta yi ja, goge ta da tsohon buroshin haƙori, ka ɗiga mata mai kaɗan. Kaɗan na ce, domin mai da yawa ƙura yake kamawa, musamman da hunturu. Idan bayan duk wannan taya tana gurnani ko tana girgiza, boris ne ya ci, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu.

Yanzu, tana nan a kan bulo, kunna makunni, ka juya tayar baya da hannu, ka murɗa totur. Idan ta yi ta gudu ba ta katse ba, matsalar nauyi ce ko hanya. Idan ta katse babu kowa a kanta, to sai an buɗe ciki.

Buɗewa da gwaji

Kana bukatar sukudireba, filaya, baƙin tef da mitar gwajin wuta. Zare caja. Cire zobe da agogon ƙarfe, ke kuma ki cire awarwaro, domin batirin nan ko da yake ƙarami ne, ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu zai yi ja nan take. Kwance notinan faifan da ake takawa, ka zuba su a murfin kwano. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton wayoyin da wayarka. Sai ka zare filogin batir.

Sunsuna. Warin roba mai ƙuna yana nuna waya ta haɗu a wani wuri. Bi wayoyin da ido da yatsa, musamman inda suka goga da ƙarfe ko faifai ya danne su. Wadda ta ɗan goge a naɗe ta da tef, wadda ta narke a canza ta da mai kauri irin nata. Girgiza wayoyi biyun da ke ƙafafun bureka. Wadda take lilo tana haifar da zafi, zafin kuma yana shiga bureka ya sa ta katse ba gaira ba dalili. Zare ta, ka goge tsatsa da sanfefa, ka ɗan matse bakin da filaya, ka mayar.

Don gwada burekar kanta, zare wayoyin biyu, ka danna maɓalli. Juya mita zuwa wurin da take kuka idan an haɗa tsinkayenta biyu. Ɗora tsinke ɗaya a kowace ƙafa. Ta yi kuka, hanya a buɗe take. Ta yi shiru, ko maɓallin ya ƙi zama bayan ta huce, bureka ta mutu. Akwai kuma wadda takan yi kuka a mita amma ta gaji, saboda yawan katsewa ya cinye bakinta. In ka duba komai ka tarar lafiya, amma tana katsewa da yaro ɗaya a kan siminti, ita ce.

Ba a farka bureka a gyara cikinta. Canzawa ake yi. Wata da noti aka ɗaure wuyanta, wata kuma kunnuwan roba ne a gefe, a matse su a turo ta waje. Tafi da tsohuwar wurin masu sayar da kayan wuta, ka karanta lambar da kanka. Mai 7A a sa 7A, kuma a tabbata tana ɗaukar wutar batir ta 24V ko fiye. Mai shago zai iya cewa, "Alhaji, ga mai 15, ta fi ƙarfi, ba za ta ƙara damunka ba." Gaskiya ya faɗa, ba za ta katse ba, sai dai inji ko waya su ƙone a madadinta. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai gyaran da zai haɗe wayoyin biyu ya ce an huta. Ka tuna akwatin batirin nan a ƙarƙashin tafin ƙafar ɗanka yake.

Sa sabuwar, ka mayar da wayoyi yadda suke a hoto, ka jona batir daga ƙarshe. Gwada a kan bulo kafin ka rufe. Idan sabuwar ma ta katse babu nauyi, ciwon yana cikin inji ko kwanturola, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa inji, wannan kuma na mai gyara ne.

Tun da ka buɗe, auna batir. Kowane ɗaya in ya cika yakan nuna kusan 13V, su biyun kusan 26V. Batirin dalma ba ya son a bar shi babu caji, a sa masa bayan kowane hawa, in an ajiye skutar kuma a riƙa yi masa ko sau ɗaya a wata. Idan gwanjo ce daga Amurka, karanta bayan cajar kafin ka soka a bango. Mai 100 zuwa 240V ta yi. Mai 120V kaɗai ba za ta jure wutarmu ba.

Aikin gida

Nemo caja ko batir a gidanku, ka kwafe lambobin da ke gaban V da A a littafinka, ka zo da su aji. Sannan ka amsa wannan a rubuce: yaro mai kilo 30 ya goya yayarsa mai kilo 35 a kan skutar da aka rubuta wa kilo 54. Da kilo nawa suka haura?