Yadda Ake Raba Ɗalibin Intanet da Kaɗaici

Ɗalibin da ke karatu daga nesa, ko a Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello ko a NOUN (Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa), sau da yawa ba wuyar darasi ke sa ya jefar da karatun ba. Zama ne shi kaɗai da waya a ɗaki, tambaya ta tsaya masa a wuya, babu na kusa da zai taɓa ya ce "ka gane?" Yau ya fasa shiga, gobe ma haka, ba wanda ya neme shi. Malami ko shugaban aji na iya toshe wannan kafa, ga yadda ake yi.

Da farko ku fasa babban guruf. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1024, amma taron yuyuyu ne, kowa na ciki, ba wanda ya san wani. Ku bar shi don sanarwa kawai, ku rufe shi sai admin ke rubutu. Sannan a raba aji ƙungiya-ƙungiya, mutum 5 ko 6. In ba su kai 4 ba, sabis ya ɗauke wa biyu, zama ya watse. In sun haura 8, masu kunya sun samu wurin ɓuya. A haɗa su bisa unguwa, misali a Zariya: Samaru da Palladan da Hanwa wuri guda, Sabon Gari da PZ wuri guda, Tudun Wada da Gyallesu da cikin birni wuri guda. Kada a ce kowa ya zaɓi abokansa, domin wanda ake yin abin dominsa shi ne zai rasa mai ɗaukar sa.

Ranar farko ba a taɓa darasi. Kowa ya turo saƙon murya na minti 1: sunansa, sana'arsa, lokacin da yake da sarari, da kwas ɗin da ya fi ba shi tsoro. Murya ake so, ba rubutu ba. Wanda ka ji muryarsa, kuma ka ji shi ma lissafi na ba shi wuya, ba za ka ji nauyin tambayarsa ba.

Sai a tsayar da rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, kada a riƙa canzawa. Bayan sallar Isha ya fi dacewa da ma'aikata da masu shago, minti 40 kuwa ya isa. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet a awa 1, kiran WhatsApp kuma yana ɗaukar mutum 32, don haka ya wadatar. A kunna kyamara lokacin gaisawa, sannan a kashe, saboda bidiyo ne ke shanye data. Kada a tilasta wa kowa nuna fuska. Wata ba ta so, wani kuma datarsa ce ta kusa ƙarewa, ba zai faɗa ba. A naɗa mai rubuta taƙaitaccen abin da aka tattauna, domin wanda aka ɗauke wa wuta wayarsa ta mutu.

Hira kaɗai ba ta riƙe ƙungiya, aiki ne ke riƙe ta. A raba babin mako gida 5, kowa ya karanta nasa ya bayyana wa sauran cikin minti 5. Ta haka in mutum bai zo ba, giɓinsa zai fito fili. Inda ake yawan ɓata abin shi ne a sakar wa mai ƙoƙari komai, sauran su koma 'yan saurare. Shugabancin zama ya riƙa zagayawa mako-mako.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne cigiya. A riƙe rajista. Duk wanda ya rasa zama 2 a jere, mutum ɗaya ya kira shi a waya, ba a guruf ba, kuma ba da faɗa ba: "Malama, kwana biyu ba mu ji ɗuriyarki ba, lafiya dai ko? Ya yara?" Daga nan gaskiya ke fitowa. Waya ce ta faɗa ruwa, ko jinya ake yi a asibitin Shika, ko kuwa an faɗi gwaji kunya ta hana dawowa. Kowanne da maganinsa: ɗan adashin data, ko wanda ya sauke darasi ya tura masa ta Xender in sun haɗu, ko a zauna a sake bin tambayoyin tare. Malamin da ke aiki da manhajar koyarwa ta Moodle ya duba jerin ɗalibai duk Litinin, yana nuna ranar da kowa ya shiga a ƙarshe. Ya amsa tambaya cikin kwana 2, ya kuma ambaci sunan mai ita.

Sau ɗaya a wata a haɗu ido da ido, Asabar da hantsi, a fili kamar inuwar bishiya a harabar jami'a ta Kongo ko Samaru. Kada a bar mace ita kaɗai cikin ƙungiyar maza. A sa su biyu, ko a ware musu tasu, a kuma sanar da ranar da wuri domin su nemi izini a gida. Wanda ke Kano ko Funtua, a kira shi a buɗe lasifikar waya, a ajiye ta a tsakiyar tabarma, a ba shi dama ya fara magana.