Yadda za ki sa yaro ya yi tiyatir shi kaɗai

Uwaye da malaman lakwal, abin nan ba wuya wallahi. Ki zaɓa ma yaro wanda zai kwaikwaya cikin mutanen da yake gani kullum, ɗan ga-ruwa ko mai kabu-kabu ko tsohuwa mai tumatir a kasuwar Dole, ki ba shi magana layi 4 ko 5 ki dinga faɗa yana maimaitawa har ta zauna mishi. Minti 1 ya ishi ɗan shekara 5. Ki naɗa mishi rawani ko ki miƙa mishi bokiti, in hannu na riƙe da wani abu kunya na raguwa sosai. In ya mance dan Allah kar a yi dariya, ki raɗa mishi kalmar farko ya ci gaba, ya gama a tafa mishi. Mai kunya ya fara gabanki ke kaɗai tukuna.