Kurakuran da ke sa abincin dare ya kai bayan isha'i

A gidaje da yawa, sai uwargida ta dawo daga aiki ko kasuwa bayan la'asar, yara sun shigo daga islamiyya da yunwa, sannan ake tambayar me za a dafa. Daga nan ake fara ɓata lokaci: a aiki yaro sayen albasa, ya dawo a tuna babu magi, ya sake fita. Ki yanke shawarar abincin dare tun da safe, ko ki zauna ranar Lahadi ki tsara na mako. Ranakun da kika san za ki dawo a gajiye, ki ba su taliya, dafa-duka, ɗanwake ko kwaɗon zogale. Tuwon shinkafa da miyar taushe ki bar wa ranar da kike gida.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne kayan miya. Kullum a gyara tumatir da tattasai da attaruhu, a kai markaɗe, a bi layi wajen mai inji, a dawo a tsaya kan tukunya ana jiran ruwa ya tsotse, tsami ya fita. Mai gaggawa kan sauke kafin ya soyu, miya ta fito tsululu, yara su ture kwano. Gyaran shi ne a yi markaɗe mai yawa sau ɗaya a mako. Ki zuba shi a tukunya mai faɗi ba tare da murfi ba, ya yi ta tafasa har ya yi kauri, ki ga cokali yana barin hanya a gindin tukunya. Sai ki soya shi da mai da albasa har man ya taso sama, launin ya koma ja mai duhu. Da wannan a hannu, jalof ɗin taliya ba ya wuce minti 20. Haka nama: ki tafasa shi da citta da tafarnuwa da albasa, ki ajiye romon daban. In akwai romo, miyar kuka daddawa kawai take nema da kaɗawa, kafin tuwon semo ya turara ta haɗu.

Sai dai wajen ajiya ake yin ɓarna, kuma wannan ya fi damuna saboda ya shafi lafiya. A juye komai a babbar roba ɗaya, kullum a fito da ita ta narke, a ɗiba, a mayar. Abincin da ke narkewa yana sake daskarewa yana saurin lalacewa, balle inda wuta ke zuwa tana tafiya. Ki raba a ƙananan robobi, kowace daidai girki ɗaya. Idan wutar unguwarku ba abin dogaro ba ce, kada ki yi na mako. Ki yi na kwana 2, sauran ranaku ki dogara da kaudar tumatir, busasshen tattasai, busasshiyar kuɓewa da busasshen kifi, waɗanda ba ruwansu da firij.

Ragowar shinkafa ma ana sakaci da ita. Dafaffiyar shinkafa da ta wuni a rufe a kicin mai zafi na iya jawo amai da gudawa, kuma ɗumame ba ya kawar da gubar da ta riga ta taru. Kada ta wuce awa 2 a waje, lokacin bazara ma awa 1. Ki baza ta a faranti ta huce, ki sa a firij, washegari ki ɗumama har tururi ya tashi sosai.

Wake kuwa, ana cika masa kanwa don ya yi saurin nuna, sai ya yi baƙi, ɗanɗano ya canza, kuma kanwa mai yawa tana rage wasu sinadaran gina jiki da ke cikinsa. Ki jiƙa shi da safe kafin ki fita. Da yamma ki zubar da ruwan, ki ɗora a sabo, garau-garau zai zo miki da sauƙi.

Akwai ƙaramin abu da ake rainawa: da shigarki kicin, ki fara ɗora ruwa ki rufe tukunya, sannan ki ɗauki wuƙa. Ruwa na tafasa, kina yanka.

Indomi tana fitar da mutum kunya, amma idan ta zama ta kowane dare an cuci yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kuma garin ɗanɗanon da ke cikin ledar indomi, gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Ki sa rabinsa, ki yanka kabeji da karas ko alayyahu, ki fasa ƙwai.

Kada kuma ki ɗauki aikin duka ke kaɗai. Yaro ɗan shekara 8 zai iya tsince wake, ya ɓare albasa, ya jera kwanuka. Maigida ma, idan ya san tsarin mako, sai ya biyo da cefanen gobe tun yau.