Yadda za ka bibiyi sauyin zufar fatarka daga safe zuwa dare da agogon hannu

Agogon Fitbit Sense da ya fito a 2020 da Charge 5 na 2021 suna ɗauke da wani awo mai suna EDA, wato awon sauyin wucewar lantarki ta fata. Na'urar tana sakin ɗan lantarkin da jiki ba ya ji, sannan ta duba sauƙin wucewarsa ta fata. Zufa tana da gishiri, shi kuwa ruwan gishiri hanya ce mai sauƙi ga lantarki, don haka da zarar faɗuwar gaba ko damuwa ta sa tafin hannu ya fara tsatsafo da zufa, awon zai motsa tun kafin ido ya ga danshi. Wani likitan Faransa, Charles Féré, ya lura da hakan tun 1888.

Abin da nake so a kiyaye shi ne, awon yana da nasa hawa da sauka a cikin yini, ko da hankali a kwance yake. A wajen mutane da yawa yakan yi ƙasa da sassafe, ya hau da rana. Wanda ya gwada sakamakon la'asar da na asuba zai tayar wa kansa da hankali a banza.

Saboda haka ka tsayar da lokuta uku da ba za ka sauya ba: bayan tashi daga barci kafin karin kumallo, da tsakar rana, da bayan isha'i. Ka zauna a wuri ɗaya, ka ɗora tafin hannu a fuskar Sense na minti 2 ba tare da motsi ko magana ba. Idan ka yi alwala, ka jira hannun ya bushe sarai, domin ragowar ruwa tsakanin fata da ƙarfe yana ɓata sakamako. Ka kuma rubuta ko ka ci goro ko ka sha shayi, tunda sinadarin kafeyin (caffeine) da ke cikinsu yana zaburar da jijiyoyin zufa. Yanayi ma yana da tasiri, domin hannun da hunturu ya busar daban yake da hannun watan Afrilu.

Bayan mako 2, ka jera sakamakon safiya da na safiya, na dare da na dare. Idan wani lokaci ya kauce wa sabonsa kwanaki a jere, musamman tare da rashin barci ko bugun zuciya, ka kai wa likita rubutun, domin agogon ba ya tantance cuta.