Babi na Bakwai: Kuɗin Cin Rani da Takardar Inshora

Darasi na farko

Da an gama tsinkar auduga, samari daga ƙauyukan Garwa da Marwa sukan tafi cin rani Duwala ko Yawunde, wasu su yi haya da babur, wasu su gasa tsire, sannan su riƙa aiko da kuɗi gida ta Orange Money ko MTN MoMo. Gidaje da yawa sukan ce tunda ɗansu yana aike, ba su buƙatar inshora. To amma ranar da ɗan ya faɗi da babur, aiken yakan tsaya daidai lokacin da ake neman kuɗin asibiti. Shi ya sa wasu magidanta suke ware wani abu daga kuɗin da ake aikowa su yanki inshora a kamfani.

Darasi na biyu

Kamaru da Cadi suna bin dokar CIMA, wato ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai tsara harkar inshora, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kuma bisa wannan doka inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta.

Yanzu ku buɗe takardar. Akwai kwanan wata biyu: ranar farawa da ranar ƙarewa. Ku ɗora yatsa kan ta biyun. Idan an rubuta 04/03/2026, lamba ta farko rana ce, ta tsakiya wata ce, ta ƙarshe shekara ce, wato 4 ga Maris, 2026. Ku sake karantawa a hankali: rana, wata, shekara. Kada kowa ya ji kunya, iyayena, kusan kowa a nan yake tuntuɓe. Wanda ya karanta 3 ga Afrilu ya juya lambobin, kuma zai yi wata guda yana zaton yana da kariya alhali ta ƙare. Ku sake ɗora yatsa kan ta biyun, ba ta farko ba. Rana, wata, shekara.

Haba jama'a, har yanzu wasu suna naɗe takardar su cusa cikin akwati ba su duba ba! Kuɗin cin rani ba ya zuwa kan lokaci, don haka ku sanar da mai aiko kuɗin wata ɗaya kafin ranar ƙarewa, domin a samu kuɗin sabunta inshorar.

Darasi na uku

Ku duba ko sunan da ke takardar ya yi daidai da na katin shaida, kuma ku karɓi rasit duk lokacin da kuka biya.

Darasi na huɗu

Ku tambayi ma'aikacin kamfani abin da inshorar ba ta biya. Gobe kowa ya zo da takardarsa.