Yadda ake jera bututun kabon su zama taransista

Wato abin da ke wahalar da mutane a harkar nanotub, siririn bututun kabon nan da ake yin taransista (ɗan makunnin wuta na cikin na'urori) da shi, ba samunsa ba ne, yanzu a kwalba ake sayar da shi kamar garin gawayi, rigimar ita ce ka sa shi ya kwanta inda kake so. Kaurinsa nanomita 1 zuwa 2 ne fa (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ido ba ya ganinsa balle hantsaki ya ɗauka.

Kafin komai sa takunkumi da safar hannu, garin nan ba abin shaƙa ba ne wallahi, toluwin, ruwan sinadarin da za a zuba shi a ciki, shi ma haka, a akwatin zuƙe iska ake buɗe su.

Sai tankaɗe, kuma nan ne aikin yake. Kusan ɗaya cikin uku na bututun nan kamar wayar ƙarfe suke, wuta na bi ta cikinsu ko ka kunna ko ka kashe, to taransistan da ba ya kashuwa ina amfaninsa? Zuba garin a toluwin tare da polima, sinadari mai dogon zare da ke nannaɗe masu kyan kaɗai, wato masu kashuwa, ka girgiza da injin sauti su warware amma kar ka daɗe don girgizar in ta yi yawa kakkarya su take yi, daga nan sai santirifuj, injin da ke juya kwalba da gudu, tarkacen ya kwanta ƙasa, ruwan sama shi ne naka.

Ɗauko farantin silikon mai fatar oksayid wanda aka zana wa ƙafafun ƙarfe biyu dab da juna, ni dai na fi son faladiyam, ya fi kama jikin bututun. Ɗiga ɗigo ɗaya a tsakani ka ba shi wuta mai kai da komo, ita ce za ta jawo su su miƙe kamar gada. Amma fa ta fi jawo masu ƙarfen, shi ya sa na nace kan tankaɗen. Wanke, ka busar da iskar naitirojin.

Yanzu gwada, sa wuta a silikon ɗin ƙasa, shi ne get ɗin da ke kunnawa da kashewa, ka ga ko wutar da ke bi tsakanin ƙafafun za ta tsaya. In ta ƙi, akwai dabarar da mutanen IBM suka fito da ita a 2001, ka rufe masu kyan ta get sannan ka banka wuta mai ƙarfi, masu ƙarfen su ƙone kamar fis. Da irin wannan ƙonawar jami'ar Stanford ta haɗa kwamfuta mai taransista 178 a 2013. A hankali za ka riƙa ƙara wutar, in ka zarce har masu kyan sai su tafi.